Waƙar Gonar da Na Goge

Ran Talatar da ta wuce ina bayan motar ɗana, mun maƙale a cunkoson unguwar Rusaifa a nan Makka, sai rediyo ya saki wata tsohuwar waƙar Larabci, irin waɗanda iyayenmu suka tashi da su, mai tarin masu goge da ganguna da jama'a suna tafi. Ɗana ya kai hannu zai canza tasha, na ce ya bar mini ita. Ban kai rabinta ba raina ya ɓaci. Sauri suke yi, wallahi, kamar an biyo su. Har na buɗe baki zan ce sun lalata waƙar, sai na tuna ai su ne masu ita, haka take tun asali. Ni ce na koye ta a bakin wanda ya rage mata tafiya, kakana mahaifin babana.

A unguwar Utaibiyya na tashi, can saman dutse, inda mota ba ta hawa sai dai ka bi matakala kana haki. Gidanmu ɗaki uku ne da soro a sama. Da rani bango yakan yi ta huci har bayan la'asar, ka jingina bayanka ka janye da sauri. Abin da na fi tunawa shi ne ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji, don kullum da hantsi Inna tana tsakar gida tana daka wa kakana kayan tsire. Sana'arsa ke nan. Yana da tukuba a gindin dutsen, jikin wani gidan shayi inda Larabawan unguwa ke zama a kan dogayen kujeru, rediyo yana ta yi tun azahar. Lokacin aikin Hajji kuma ya rufe tukuba ya tafi Arfa dafa wa alhazai shinkafa, a tukwanen da yaro zai iya kwanciya a ciki.

Ba ɗan Makka ba ne. A wani ƙauye na ƙasar Sakkwato aka haife shi, gidan makaɗan noma, waɗanda ke bin manoma gona ran gayya suna yi musu kiɗa da waƙa har a tashi. Uwarsa ta rasu yana shan nono, yayarsa ce ta goya shi ta raine shi. Yana saurayi ya bi ayarin masu tafiya Hajji a ƙasa, ya ce mata shekara uku zai yi ya dawo. Ya tsaya tsinkar auduga a Sudan, ya haye teku, ya yi aikin Hajjinsa, sannan yau da gobe ta cinye shi. Aure, haihuwa, takardun da ba su ba mutum damar fita ya dawo. Lokacin da na yi wayo ya haura shekara hamsin bai taka gida ba, bai kuma aika ko gaisuwa ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce da farko babu wanda zai aika, daga baya kuma kunya ta hana.

Shekara da shekaru yana juya nama a jikin rediyon nan, har waƙoƙin suka shige shi. Yana da gurmi da ya haɗa da hannunsa, ƙoƙon duma da wani alhaji ya bar masa, fatar akuya, tsirkiya biyu na wayar birkin keke. Kullum yana mitar cewa fatar guza ce ta dace, amma ina zai ga guza a Makka. Ranar Juma'a ba ya fita tukuba, sai bayan la'asar ya hau soro da gurminsa, ni kuma in bi shi.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da yake yi wa waƙoƙin nan ba, kai da ba ka ji ba. Sai ya tuɓe musu komai. Babu goge, babu ganga, babu tafi, sai tsirkiya biyu da muryar tsoho. Ya ɗora su a kan takun noma, kowane baiti ya ƙare daidai inda garma za ta sauka a ƙasa, sannan ya bar ɗan fili na 'yan amshi, ko da yake ba shi da ɗan amshi sai ni. Inda mai waƙar rediyo ke ɗaga murya ya ja ta har jama'a su yi ihu, shi nan yake sauke tasa, kamar yana gaya wa na kusa da shi magana. Akwai wata da ake yi a kan mai jiran masoyin da ya tafi bai dawo ba. A rediyo, ka ji ta, sai ka ga attajiri yana kuka a kan kujera mai laushi. A bakin kakana ta koma ta manomin da ya yi shuka yana duban gabas. Larabcinsa a karye yake, harafin da ya fi ƙarfinsa ya tsallake shi ya wuce, amma na sha ganin maƙwabciyarmu Balarabiya ta bar shanya a hannu ta tsaya jikin katanga har ya gama. Ya taɓa ce mini su 'yan rediyo kuka suke yi don a ji su, wanda abu ya ci da gaske ba ya ɗaga murya.

Waƙoƙin noma kuwa ba ya yin su. Baba ne ya hana. Baba haifaffen nan ne, direba, Larabcinsa ya fi Hausarsa nisa, kuma babu abin da ya tsana kamar a san cewa mu jinin makaɗa ne. Ya ce a nan ba wanda ya san asalin kowa, a bar abin a binne, yana da 'ya'ya mata da zai aurar. Na Larabcin ya kau da kai, muddin gurmi bai sauko daga soro ba. Tsoho bai yi masa gardama ba. Don haka na kai shekara goma sha ɗaya da haihuwa ina amsa wa kakana waƙa ban taɓa jin ko ɗaya ta gidansu ba.

Ka san tsakanin kaka da jika. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai amarya. Ni kuma in ce angona mai haƙori huɗu, in ce sai ya sake ni don ba zan zauna da mai warin hayaƙi ba, ya ce ai ya riga ya biya sadaki da tsire. Abin da Baba ba zai iya ɗaga ido ya faɗa masa ba, ni sai in faɗa ina dariya, a kuma yi mini dariya. An ba ni wannan damar tun ina rarrafe, ba wanda ya gaya mini tana da iyaka.

A wata shekara ya dawo daga Arfa ba kamar yadda ya saba ba. Ya saba dawowa a gajiye, ya yi baƙi, ya kwana biyu yana barci. Wannan karon tare ya shigo da wani baƙon alhaji daga gida, mai yi wa alhazai jagora duk shekara, ya zaunar da shi ya zuba masa shayi. Ashe a wajen rabon abinci mutumin ya tsaya yana duban tsagen fuskarsa, ya tambaye shi garinsu. Ƙauyukansu suna cin kasuwa ɗaya. Ya san gidan, ya kuma san tsohuwar. Yayar kakana tana da rai, ta makance, tana zaune wajen jikokinta.

Amma akwai abin da ya biyo baya. Tun da daɗewa wani matafiyi ya koma ya rantse mata cewa da hannunsa ya binne ƙanenta a Sudan. Ta yi kuka, an yi sadaka, ta haƙura. Alhajin ya ce shi ya san halinta, ba za ta yarda da bakin kowa ba, an riga an sa ta kuka sau ɗaya. Hoto ba zai yi amfani ba tunda ba ta gani, waɗanda suka san fuskarsa kuma duk sun mutu. Sai dai murya. A wancan zamanin haka ake yi, mutum ya yi magana a kaset, a naɗe shi a tsumma, alhaji ya kai gida, amsa ta zo baɗi. Kwana uku suka rage jirginsu ya tashi.

Abu ɗaya kakana yake so, kuma ya faɗe shi a gaban kowa. Ta san yana raye, ta yafe masa shekara ukun da suka zama hamsin, kafin ɗayansu ya mutu.

Washegari bayan la'asar muka hau soro da rikodar Baba da sabon kaset. Ni ce mai danna maɓalli, don tsoho tsoron na'urar yake. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare, kamar za ta gan shi. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya tambayi lafiyarta, sai magana ta ƙafe. Ya zuba wa kaset ɗin ido yana juyawa. Ɗan abin da ya faɗa ma rabinsa Larabci ne, bai sani ba. Can ya ce magana ba za ta yi ba, bari ya yi mata waƙa, don da waƙa ta san shi. Ya jawo gurmi.

Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Muryar ta buɗe, ta yi kauri, ta yi sama, irin wadda ake jefawa daga wannan kan gona zuwa wancan. Hausar kuma ta ƙauye ce tsantsa, ban gane rabinta ba, na dai ji ana ambaton fadama da gero da sunayen mutane. Tattabarun maƙwabta suka tashi. Ni kuwa, 'yar makaranta mai ji da kanta, wadda 'yan ajinmu ke tsokana in sun ji ina Hausa da ƙanwata, sai kunya ta kama ni, kunyar ta juye dariya. Na danna na tsayar.

Na ce, "Haba angona, shekara hamsin a Makka, sai ka aika musu da ihun gona? Ai sai su ce har yau ba ka waye ba. Yi musu na rediyo su san ka zama ɗan birni."

Ya dube ni jim kaɗan. Na sha juya wannan kallon a raina, har yau ban san abin da ke cikinsa ba. Sai ya yi murmushi ya ce amarya ta fi shi sanin zamani. Na mayar da kaset baya zuwa ƙarshen gaisuwar, da wannan yatsan, na danna jan maɓallin ɗauka, muka hau kan waƙar gonar muka goge ta.

Kuma wallahi bai taɓa yin waƙoƙin nan kamar ranar ba. Ya cika fuska ɗaya, na juya, ya cika ɗayar. Da ya zo kan ta mai jiran wanda bai dawo ba, ya sauke murya har sai da na matsar da rikoda bakinsa. Inna ta hawo kwashe shanya ta zauna a kan matakala ba ta kwashe ba. Na sauko ina taƙama, a ganina na yi wa gidanmu gata. Ba mu ajiye kwafi ba, ba wanda ya yi tunanin haka.

Shekarar nan ya yi ta lissafin watanni kamar mai jiran haihuwa. A cikin Sha'aban ya faɗi a bakin tukuba, aka hawo da shi a kan kujerar gidan shayi. Ɓarin damansa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito, ta fito kuma a murɗe. Aka rataye gurmi a ƙusa.

Bayan Arfa alhajin ya zo da amsa. Aka jingina tsoho da matashi, duk gida muka kewaye rikoda. Da farko kukan kaji da hayaniyar yara, sai wata murya siririya, a tsaye kamar ba ta tsohuwa ba.

"Na ji abin da anka aiko. Murya kam ta yi kama, ba ni musu. Amma ƙanena ba ya waƙa da bakin Larabawa. In shi na, shi yi mini waƙar da ubanmu yay yi ma gonarmu ta bakin fadama. Mu biyu munka rage da ita duniya. In yay yi ta, na yahe mai, in mutu da sanyin rai."

Ba ta ƙara komai ba. Kaset ya ci gaba da juyawa, kaji suna kuka.

Ni na san wace waƙa take nufi. Na ji kamar in nutse a wajen. Baba, wanda bai san abin da ya faru a soro ba, ya juya cikin ɓacin rai ya tambayi tsoho me ya hana shi yin ta tun farko. Na jira ya nuna ni. Bai ko dubi inda nake ba. Ya ɗaga hannun hagu ya dafa ƙirjinsa, wai shi ne.

Kwana huɗu muka yi muna neman waƙar nan a bakinsa. Tana nan a kansa, ka gani a idonsa, amma ƙofa ta rufe. Ya buga takun da hannun hagu a kan tabarma, ya yi gunjin karin, kalmomin su fito a dunƙule ba kai ba gindi. Ni in yi ta cinta, fadama ce, gero ne, ya girgiza kai, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Minti biyu na taɓa jin ta a rayuwata, su ma ina dariya. Baba ya sauke gurmin da kansa ya ɗora masa a cinya, mutumin da ya hana shi waƙar shekara da shekaru, ya durƙusa yana roƙonsa ya gwada ko baiti ɗaya. Tsoho ya taɓa tsirkiya da hagu, ta yi wani ƙara mara daɗi, ya ture. Ran nan na fara ganin Baba yana kuka.

Abin da muka aika a ƙarshe, gara ma da ba mu aika ba. Baba ya yi bayani da Hausarsa ta 'yan Makka, yana tuntuɓe yana cikewa da Larabci, ya jero sunayen kakanni da tsoho ya taɓa gaya masa. Bayansa kuma gunjin mara lafiya, na kusan rabin awa, da bugun hannu a tabarma.

Aka sake shekara. Kakana ya rame har Inna kan ɗaga shi ita kaɗai. Da alhajin ya zo, bai zo da kaset ba, kuma a zaure ya tsaya. Ina bayan ƙofa na ji. Tsohuwa ta rasu kafin faɗuwar damina. Ta saurari saƙonmu har ƙarshe, ta ce sunayen nan duk wanda ya ci kasuwarsu ya san su. Da aka zo kan gunjin ta sa aka maimaita mata sau biyu, sannan ta ce, "Allah shi ba shi lahiya, ko wane ne."

Ya ƙara da wani abu, wai don ya sanyaya wa Baba rai. Ya ce kaset na farko kam ya yi farin jini, samarin ƙauyen sun yi ta yawo da shi daga teburin mai shayi zuwa kasuwa har zaren ya tsinke. Kaset ɗin Balaraben nan suke ce masa.

Baba ya hana a gaya wa tsoho. Aka ce masa alhajin bai zo bana ba. Amma ya ji sallamar mutumin, kunnensa bai shanye ba. Da azahar, kowa ya kwanta saboda zafi, na kai masa ruwa, ya riƙe mini hannu. Ya san duk gidan ni kaɗai ce ba na ɓoye masa magana, ko mai ɗaci ce. Ya daɗe yana haɗa kalmomin.

"Amarya. Ta gane ni?"

Na ce ta gane ka, ta ce ta yafe. Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya saki hannuna a hankali, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya kira ni da sunana na yanka. Daga ranar har ya rasu, wata biyar, bai sake ce mini amarya ba. Ba fushi yake ba, yakan yi mini murmushi in na shigo. Wasan ne dai ya ƙare.

Yanzu an rushe gefen dutsen da gidanmu yake, ko matakalar ba ta nan. Muna zaune a bene mai na'urar sanyi, ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa. Jikokina ba sa jin Hausa, sitti suke ce mini, wato kaka da Larabci, su sumbaci goshina cikin ladabi su koma kan wayoyinsu, ba wanda ya taɓa ce mini matarsa ko ya yi mini tsiyar tsufa. A wayar nan mutum yakan yi magana a Makka a ji shi a Sakkwato kafin ya rufe baki, a ce ba haka ba, ya sake. Mu shekara guda muke jira mu ji mun yi kuskure.

Karin farkon waƙar yana nan a kaina, ba kalma ko ɗaya. Shekaru da dama, in alhazai sun zo, nakan nemi tsofaffin ƙasar Sakkwato in yi musu gunjinsa, ko wani zai gane. Su saurara cikin ladabi, su ce ya yi kama da kiɗan noma, amma kowane gida da tasa. Na daina tambaya. Ban taɓa gaya wa Baba abin da na yi ba har ya koma ga Allah, kai ne na farko da ka ji. Mutane za su ce yarinya ce, ƙaddara ce, na sani, na gaya wa kaina haka sau dubu, bai rage komai ba. Na kai shekarun da mutum ke bin jama'a yana neman yafiya, kuma mutum biyun da zan nema a wajensu duk suna ƙasa. Ɗaya yana nan Makka, ina wuce maƙabartarsa in za ni asibiti. Ɗayar kuwa ko sunan ƙauyenta ban riƙe ba.